Likita ba jam'iyya: me kujerar majalisa ke iya yi wa asibiti?

Assalamu alaikum. Jama'a, na ga likitoci da ɗaliban likitanci da yawa a zauren nan, don haka ba sai na yi kwana-kwana ba. Likitan da ya tsaya takara ba jam'iyya a kan maganar asibiti yana iya cin zaɓe, wannan an sha gani. Abin da nake so mu duba shi ne abin da ke biyo bayan cin.

Mu fara da Dokta Richard Taylor a Ingila. A shekarar 2000 aka rufe sashen gaggawa na asibitin Kidderminster, ran mutanen garin ya ɓaci matuƙa. Taylor, wanda ya yi aiki a asibitin kafin ya yi ritaya, ya tsaya a mazaɓar Wyre Forest a 2001, ya kayar da David Lock, ƙaramin minista a gwamnatin Tony Blair, da ratar ƙuri'a sama da 17,000. Amma ku lura, jam'iyyar Liberal Democrats ba ta tsayar da kowa ba, ta bar masa fili. Ya sake ci a 2005, ya faɗi a 2010. Shekara tara yana majalisa, sashen gaggawar nan bai dawo ba. Ba don ya yi sakaci ba ne. Gwamnati tana da rinjayen da ƙuri'arsa guda ba ta hana ta barci.

To, ga Dokta Kerryn Phelps a Ostireliya. Ta ci zaɓen cike gurbi na mazaɓar Wentworth ba jam'iyya a 2018, daidai lokacin da rinjayen gwamnatin Scott Morrison ya zama na ƙila-wa-ƙala. Cikin 'yan watanni, ita da 'yan adawa suka zartar da dokar da ta ƙarfafa hannun likitoci wajen kawo 'yan gudun hijira marasa lafiya daga tsibiran Nauru da Manus, inda ake tsare da su, zuwa Ostireliya don a yi musu magani, gwamnati tana ji tana gani. A ganina lissafin kujeru ne ya yi wannan aiki, ba farar rigar likita ba.

Kuma abin bai ɗore ba. Ta rasa kujerar a watan Mayun 2019, aka soke dokar a Disamba.

Akwai wata hasarar da ba a cika lissafawa ba: majinyatan da likitan ya bari a baya. A kan wannan nake so in ji ta bakinku, musamman manyanmu da ke layin gaba.