Dokar Bin Diddigin Kaya da Haƙƙin Mutanenmu na Gida: Jawabi a Taron Hausawa Mazauna Hamburg

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban ƙungiya, dattawanmu, malamai, iyayenmu mata, 'yan uwa maza da mata, sannunku da zuwa. Waɗanda suka tashi daga aikin dare suka wuce nan ko runtsawa ba su yi ba, Allah Ya saka muku da alheri.

Maganata a yau kan wata doka ce ta ƙasar nan, wadda Jamusawa ke kira Lieferkettengesetz. Ita ce ta ɗora wa manyan kamfanoni alhakin bin diddigin kayan da suke saye, tun daga gona ko ramin haƙar ma'adinai har kayan su shigo kanti, su tabbatar ba a ci zalin wani a hanya ba.

Sai da aka yi asarar rayuka kafin a kai ga irin waɗannan dokoki. Ranar 24 ga Afrilun 2013 wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka, a Bangladesh. Mutum 1,134 suka rasu, yawancinsu mata masu ɗinki. Tun ana gobe abin zai faru aka ga bango ya tsage, amma aka tilasta musu komawa kan kekunan ɗinkinsu. Da aka tono ɓaraguzai sai ga tambarin kamfanonin tufafi na Turai da Amurka, da yawansu kuma suka ce su saye kawai suke yi, masana'antar ba tasu ba ce. Wannan uzurin ne aka so a toshe. Faransa ta yi tata dokar a 2017. Ta Jamus ta fara aiki a 2023 kan kamfanoni masu ma'aikata 3,000 zuwa sama, daga 2024 kuma ta hau kan masu 1,000. A shekarar ce Tarayyar Turai ta amince da tata.

To, ina ruwanmu? Ku dubi tashar jiragen ruwan garin nan, wadda wasunku ke aiki a rumbunanta. Buhunan koko da kuke gani ana saukewa, mafi yawansu daga Afirka ta Yamma suke. Ghana da Kodebuwa kaɗai ke noma kusan kashi 60 cikin 100 na kokon duniya, kuma binciken da wata cibiya ta Jami'ar Chicago ta fitar a 2020 ya nuna yara kimanin miliyan ɗaya da rabi ne ke aikin ƙarfi a gonakinsa. Yaro ɗan shekara goma da adda a hannu, yana fasa ƙwallon koko, ko ya goya tankin feshi ba safa ba takunkumi. Fatun da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa a Kano suna zama takalma da jakunkuna a Italiya da Sifaniya, ruwan sinadarin jima kuma ya kwarara inda ake noman rani. Riɗi, zoɓo, citta, ƙaro, duk daga hannun mutanenmu suke fitowa. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa ba sai na gaya musu labarin Arlit ba, inda aka rufe mahaƙar uraniyam ta Cominak a 2021 aka bar tsaunukan dattin ma'adinin a gefen gari.

Ga abin da nake so mu riƙe. Dokar Jamus ta wajabta wa kowane kamfanin da ta shafa ya buɗe hanyar karɓar ƙorafi, har daga ma'aikacin da ke can wata ƙasa. Akwai kuma hukumar gwamnati mai suna BAFA da ke sa ido, wanda aka zalunta na iya kai mata kuka, tana da ikon bincike da cin tara. A 2023 wata ƙungiyar ma'aikatan ɗinki ta Bangladesh, tare da ƙungiyoyin kare haƙƙi na Jamus, ta shigar da ƙorafi kan Amazon da IKEA ta wannan hanya. Ƙofa kenan a buɗe. Amma leburan majema a Kano bai san da ita ba, bai iya Jamusanci ba, bai ma san sunan kamfanin da fatar ke ƙarewa a hannunsa ba. Mu muna jin Hausa, muna jin Jamusanci, muna waya da gida kullum. Idan mu ba mu ɗauko kukan nan mun kawo shi inda za a saurara ba, ban ga wanda zai ɗauko ba.

Kada wani ya ce talaka ba ya kayar da babban kamfani. Manoma huɗu daga yankin Neja Delta sun kai Shell ƙara a Holan a 2008 kan malalar mai. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta Hague ta ɗora wa reshen kamfanin na Najeriya alhaki, daga baya aka daidaita kan diyyar yuro miliyan 15. Shekara goma sha uku ana shari'a, wasu daga cikinsu har sun rasu ba su ga hukunci ba, amma an yi.

Ba zan ɓoye muku damuwata ba. Tun 2025 ake ta sassauta waɗannan dokoki saboda kukan kamfanoni cewa takardu sun yi yawa. An ɗage ranar fara aiki da ta Tarayyar Turai, gwamnatin Jamus ma ta ce za ta rage wa tata nauyi. Akwai kuma wani haɗari da ya shafi 'yan kasuwarmu kai tsaye: babban kamfani ya tattara takardun ya jibga wa ƙaramin dillalin riɗi a Dawanau, in ya kasa cikewa a yar da shi a nemi wani. In haka ta faru, dokar da aka yi don talaka ita za ta raba shi da abincinsa. Waɗanda suke da takardar zama ɗan ƙasa a cikinmu, ku rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarku, ku gaya masa muna son dokar ta tsaya da ƙarfinta, kuma mai saye ya ɗauki nauyin gyaran, ya biya farashin da manomi zai iya ɗaukar lebura ya bar ɗansa a makaranta.

Shawarata ga shugabanni ita ce a kafa ƙaramin kwamiti. A sa ɗalibanmu masu karatun shari'a, da wanda ya ƙware a Jamusanci, da 'yan kasuwa biyu masu shigo da kaya, su rubuta bayanin hanyar kai ƙorafi da Hausa, a naɗe shi da murya saboda waɗanda ba sa karatu, a tura gida ta WhatsApp. Mai sha'awar shiga ya ba sakatare sunansa kafin a tashi. Na gode, wassalamu alaikum.