Darasin minti 40: koya wa 'yan makaranta zama lafiya a intanet

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Yara da yawa a ƙaramar sakandare ba su da wayar kansu, amma kullum akwai waya a hannunsu: ta Umma, ta yaya, ko ta abokin zama a benci. Shi ya sa "ai ban saya masa waya ba" ba ta kare yaro daga komai. Ga darasin minti 40 da malami zai iya yi da waya ɗaya da allo da alli. Uwa ma za ta iya yin sa a tsakar gida bayan sallar isha.

A minti 10 na farko, rubuta wannan saƙo a allo: "Salam, na yi kuskure na tura lambobi shida wayarka, don Allah turo min su." Tambayi ajin wa zai tura. Za ka ga hannuwa a sama, domin mun tarbiyyantar da yaranmu a kan taimako da jin maganar babba, ɗan damfara kuwa da wannan yake cin kasuwarsa. Sai ka bayyana musu: waɗannan lambobi 6 su ne WhatsApp ke aikowa idan wani na ƙoƙarin buɗe lambarka a wata waya. Da zarar ya same su, an fitar da Umma daga asusunta, shi kuma ya shiga zauren dangi da sunanta yana roƙon kuɗin asibiti. Nuna maganin a gabansu: shiga saiti, ɓangaren asusu, kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lambobi 6 naka. Ban da shekarar haihuwa, ban da 123456. Haka lambar da banki ke turowa, haka lambar NIN: ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga ofis yake kira.

Sai hoto. Ɗaga hoton ɗalibi cikin kayan makaranta, ka ce su lissafa abin da baƙo zai gane. Bajon da ke ƙirji ya faɗi makaranta, ƙofar da ke bayansa ta nuna gida, lokacin da aka ɗora ya nuna sa'ar tashi. Minti 5 sun isa. A nan ka sanar da su cewa Facebook da Instagram da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu. Yaron da ya ƙara wa kansa shekaru ya cire kariyar da aka tanadar masa da hannunsa. A TikTok, misali, wanda bai kai 16 ba ba a iya aika masa saƙon sirri.

Yanzu zauren aji na WhatsApp, inda yawanci zaluncin yake. Ba baƙo ke yin sa ba, 'yan aji ne. An ɗauki hoton yarinya tana gyangyaɗi, an mai da fuskarta sitika, kafin la'asar ta zagaye makaranta. Wa'azi kaɗai ba ya shiga a nan, sai an gwada. Ba ɗalibi ɗaya takarda mai jimla guda, mutum biyar su kwafa, kowannensu ya ba wasu biyu. Sannan ka ce wa na farko ya tattaro duka ya yaga. Ba zai iya ba. Magana zarar bunu ce, a waya ma ta fi haka: WhatsApp na ba ka kamar kwana biyu ka goge saƙo ga kowa, amma ba ya goge abin da wani ya riga ya ɗauki hotonsa ko ya tura gaba.

Kuskuren da malamai ke yi shi ne zuba duk faɗan a kan wanda ya haɗa sitikar. Shi mutum ɗaya ne. Masu dariya da masu shiru su ne sauran ajin, kuma su ya kamata a horar. A koya musu kada su tura gaba, su aika wa wadda aka ci wa fuska saƙo ita kaɗai su ce "ban ji daɗin abin da aka yi miki ba," sannan su sanar da malamin da ke kula da zauren. A bayyana musu ƙarara cewa wannan ba gulma ba ce, domin tsoron a kira su magulmata ne ke rufe musu baki.

Labarin ƙarya kuwa, misali ɗaya ya wadatar. A 2014, lokacin Ebola, saƙo ya bazu a Najeriya cewa wanka da shan ruwan gishiri na kare mutum, har aka rasa rayuka. Nuna musu alamar kibiya biyu a kan saƙon WhatsApp: tana nufin ya bi hannu biyar ko fiye, ba a san mafarinsa ba.

Minti 10 na ƙarshe su ne mafi nauyi, kada kunya ta sa a tsallake su. Baƙo zai zo da hoton budurwa ko saurayi, ya yi yabo, ya turo katin waya, ya ce "mu koma inda ba kowa," sannan ya nemi hoton tsiraici. Da ya samu sai barazana: kuɗi ko tonon asiri. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan. Yara maza ma ana kama su sosai. Abin da yaro zai haddace: kada ya biya, domin biya na jawo sabuwar buƙata, kada ya goge hirar, ita ce shaida, a ɗauki hoton sunan asusun da barazanar, a kai ƙara a cikin manhajar, a toshe shi. Akwai shafin Take It Down na kyauta, wanda ke taimakawa a hana yaɗa hoton wanda bai kai 18 ba, ba tare da hoton ya bar wayar ba. Babba kuma kada ya tura hoton ga kowa, ko da sunan neman shawara.

Duk wannan yana rushewa ne a wuri ɗaya: yaro ya san in ya faɗa, bulala ce da ƙwace waya, sai ya yi shiru, mai barazanar kuma shirun yake so. Don haka kafin a tashi, kowane ɗalibi ya rubuta sunan manya biyu da zai iya faɗa wa, ɗaya a gida, ɗaya a makaranta. A bar 'yan mata su zaɓi malama ko gwaggo. Malami ya bi benci benci ya duba, duk wanda takardarsa ta zo babu suna, a kira shi gefe a yi magana da shi a ranar.