Abin da ɗa ke gada daga uwa da uba

Bismillahir rahmanir rahim. Jama'a, assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka ne, amma duk mai kiwo a garin nan ya san wani lokaci jar akuya da jan bunsuru, dukansu irin na Maradi, sai su haifo baƙin ɗan akuya. Mai garke ya hau zargin bunsurun maƙwabta, alhali bawan Allah bai ci nanin ba. Baƙin nan yana cikin jajayen tun farko, a ɓoye yake.

Wanda ya fara gano yadda ɓuyan nan ke aiki wani malamin coci ne, Gregor Mendel, a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yanzu. Daga 1856 zuwa 1863 yana ta haɗa irin wani wake na Turai a lambun gidan ibadarsu. Ya haɗa dogon iri da gajere, abin da ya tsiro duka dogaye, ko gajere ɗaya babu. Da ya bar dogayen nan suka yi barbara a tsakaninsu, sai ga gajere ya dawo: dogaye 787, gajeru 277, wato kusan uku bisa ɗaya. Ya buga sakamakon a 1866, ba wanda ya kula, sai a 1900 aka waiwaye shi, lokacin ya riga ya rasu.

Ga abin da ya fahimta. Kowace siffa tana da ƙwayar gado guda biyu a jikin mai rai, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ita kaɗai ta isa ta bayyana. Wata kuma ba ta fitowa fili sai ta gamu da 'yar uwarta. Ba gaurayuwa suke yi su narke ba, kowacce tana nan yadda take, ana miƙa ta ga na gaba.

Mu 'yan Adam, a kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai zaren gado 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga ciki su ke raba namiji da mace. Mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Uwa ba ta da abin bayarwa sai X. Idan uba ya ba da X a samu mace, idan ya ba da Y a samu namiji. Saboda haka, Alhaji, in 'ya'ya mata ka jera, kada ka ɗaure wa Hajiya fuska, daga wajenka saƙon ya fito. Na ga mata suna murmushi.

Yanzu mu zo inda abin ke ci mana tuwo a ƙwarya, wato amosanin jini, sikila. Ƙwayar gado ta lafiyayyen jini ana ce mata A, ta sikila kuma S. Mai AA, wato A daga uwa A daga uba, ba ya ɗauke da ita. Mai AS yana ɗauke da ƙwayar S guda, amma yawanci lafiyarsa lau, yana noma yana kasuwa, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashenmu. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi AA, kashi 50 AS, kashi 25 SS. Mai SS shi ne yaron da kuke gani idanunsa sun yi ɗorawa, hannu da ƙafa sun kumbura tun yana goye, da sanyin hunturu ya shigo ya kwana yana kukan ƙashi. Jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Yaron nan S ɗaya ya karɓa daga uwa, ɗaya daga uba. Duk dangin mijin da ke cewa matar ce ta kawo musu ciwo gida, su je su auna ɗansu.

Na'am, Malama, ina jin ki. Tana tambaya, in na fari ya zo da SS, ukun da za su biyo baya sun tsira ke nan? A'a. Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da ya faru da yayansa ba. Ana iya haifar huɗu duka lafiya, ana iya samun uku masu SS a jere.

Sai batun auren zumunci da wani ya rubuto a takarda. Ni ban ce a daina ba. Abin da ke akwai shi ne 'ya'yan wa da ƙani kakanninsu ɗaya, don haka ƙwayar da ta ɓuya a jikin wannan ta fi saurin kasancewa a jikin waccan. Kuma da ido ba a gane mai AS, sai an ɗebi jini a asibiti an auna. A yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, don in an riga an raba goro, ba mai son jin sakamako. In ɗayansu AA ne, ko da ɗayan AS ne, ba za su haifi mai SS ba.

An kira la'asar. Sauran tambayoyin sai mun dawo daga masallaci.