Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli Na Jihar Kaduna A Taron Yaƙi Da Gubar Zaiba, Tudun Wadan Zariya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma Kwamishinan Muhalli, wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, limamai da fastoci, ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata, matasa da sauran jama'a.

A madadin ƙungiyar ci gaban wannan unguwa, ina yi wa babban baƙonmu barka da zuwa Zazzau. Ranka ya daɗe, da muka rubuta takarda fatanmu bai wuce a turo mana jami'i ko guda ba, sai ga shi ka baro Kaduna da kanka. Zuwa da kai ya fi saƙo. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Abin da ya tara mu yau zaiba ce, ruwan ƙarfen nan mai launin azurfa da ke cikin ma'aunin zafin jiki na gilashi. Da yawanmu mun yi wasa da ita muna yara. In ma'auni ya fashe sai a tara ɗigon a tafin hannu ana mirgina shi, ya rabu ya sake haɗewa, ana ta dariya. Ba wanda ya gaya mana cewa tana tururi ko ba a kai ta wuta ba, kuma tururin ba shi da wari, ba shi da launi. Huhu ke zuƙe shi, ya wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda. Daga nan sai karkarwar hannu, mantuwa, rashin barci, saurin fushi. Mai juna biyu kuwa, abin da ke cikinta ya fi ta shan wahala.

A garin Minamata na Japan aka fara gane girman wannan masifa a 1956, bayan wata masana'anta ta daɗe tana zubar da dagwalonta mai zaiba a teku, masunta da iyalansu suna cin kifin. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar taƙaita amfani da zaiba da ƙasashe suka ƙulla a 2013, ta fara aiki a 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da ita a 2018. To, yarjejeniya tana Abuja a takarda, zaiba kuwa tana cikin ɗakunanmu.

Ƙofar da ta fi damunmu ita ce man bilicin. Ranka ya daɗe, ka shiga kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari, za ka tarar da haɗin mai a roba marar suna, ba lambar NAFDAC, ba a rubuta abin da ke ciki ba, an dai ce amarya za ta yi haske kafin ranar ɗaurin aure. Wasu irin waɗannan mayuka da sabulai zaiba ce ke sa su aiki, domin tana hana fata yin baƙinta na halitta. Kuma ba ta tsayawa a jikin mai shafawa. Tana bin tawul da zanin gado, tana bin hannun uwa zuwa jikin jariri, tana shiga ruwan nono. A nan dole in faɗa wa 'yan'uwana maza gaskiya: mu da muke cewa sai fara ko mayya ce, muna da kaso a wannan laifi. Ba mata kaɗai za a yi wa wa'azi ba.

Ƙofa ta biyu haƙar zinariya ce. Samarinmu suna tafiya Birnin Gwari da Zamfara neman abin kansu. Ana niƙa dutse, a cuɗa garin da zaiba da hannu tsirara, ta kama zinariyar, a matse a ƙyalle, sannan a ƙona dunƙulen a kan garwashi har zaibar ta tashi. Mutum yana tsugune a kai yana shaƙa. Wani ma gida yake kawo dunƙulen ya ƙona a ɗaki don kada a ga abin da ya samo, yara suna kwance a gefe. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce irin wannan ƙaramar haƙa ita ce kan gaba wajen sakin zaiba a iska, fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ɗan Adam ke saki. Abin da ya kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 gubar dalma ce, amma ita ma ta wannan hanya ta shiga gidaje, sana'ar daji aka kawo tsakar gida.

Sai dogayen ƙwayayen lantarki da aka daina amfani da su, da wasu ƙananan batura, da tsofaffin ma'aunan hawan jini. Bola ake kai su a cinna wuta, damina ta kwashi toka zuwa kwata, kwata ta kai Kubanni da Galma, inda ake ban ruwan lambu ana kama kifi. A cikin laka ƙwayoyin halitta ke mayar da zaiba nau'in da ke taruwa a naman kifi, kuma dafuwa ba ta fitar da shi.

Ba mu zauna jiran gwamnati ba. Malamai mata sun ɗauki maganar zuwa makarantun Islamiyya na matan aure, limamai sun sa ta a huɗuba, fastoci sun yi nasu. Mun zauna da masu gyaran jikin amare, wasunsu sun yarda su tsaya a kan dilka da kurkur da lalle. Mun koya wa iyaye cewa in ma'auni ya fashe kada a sa tsintsiya, domin tarwatsa ɗigon take yi: a fitar da yara, a buɗe taga, a tattara da kwali, a zuba a kwalba mai murfi. 'Yan jari bola, waɗanda ba kasafai ake gayyatarsu taro ba, su suka fi kowa ba mu haɗin kai. Yanzu in sun tsinci dogon ƙwai ba sa fasa shi don ɗan ƙarfen bakinsa, su naɗe shi a jarida su kawo.

Nan ne ƙarfinmu ya ƙare, ranka ya daɗe. Durom ɗin da muke tara wannan shara a ciki ya cika, yana kulle a wani shago da ɗaya daga cikinmu ya ba da aro. Ba za mu ƙona ba, ba za mu binne ba, kuma mai shago yana son shagonsa. Roƙonmu na farko shi ne ma'aikatarka, tare da hukumomin kare muhalli, KEPA ta jiha da NESREA ta tarayya, ku ware wa Zariya wurin karɓar irin wannan shara, da motar da za ta riƙa kwashewa. In jama'a suka ga abin da suka tara yana nan jibge, gobe ba za su sake kawowa ba.

Muna kuma roƙo a auna mana ruwa da laka da kifin Kubanni da Galma, da mayukan da ke kasuwa, a faɗa mana sakamakon da Hausa a gidan rediyo. Ba sai an je nesa ba: ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ga asibitin koyarwa a Shika. Samarin da ke zuwa haƙa kuwa, hana su ba zai yiwu ba tunda ba mu da abin ba su, amma a koya musu ƙona dunƙule a rufaffiyar tukunya mai bututu, wadda ke kama tururin ta mayar da shi ruwa. Maƙeranmu za su iya ƙera ta in an nuna musu samfuri.

Bayan jawabinka, in ka amince, shagon yana bayan wannan fili, tafiyar ƙafa ce, muna so ka gani da idonka. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da jiharmu lafiya, ya mayar da kai gida lafiya kai da tawagarka.

Wassalamu alaikum warahmatullah.