Tikiti ya ƙare amma ga kujeru babu kowa: ina lissafin yake?

Rabi: Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Malam Habu, yau da kai zan fara. Mutum ya je tashar jirgin ƙasa a ce masa tikiti ya ƙare, jirgi ya tashi kuma a hango kujeru fayau ta taga. Cuwa-cuwa ce?

Malam Habu: Wani lokaci ita ce, Malama Rabi, amma ko ba ita hakan na faruwa. Ɗauki tsohon layin Legas zuwa Kano, kilomita sama da 1,100, ya ratsa Ibadan, Ilorin, Jebba, Minna, Kaduna da Zariya. Kujera ɗaya a wannan layin haja ce gunduwa-gunduwa. Idan aka sayar wa wani ita daga Ilorin zuwa Minna, to ba za a iya ba mai zuwa Kano daga Legas ba. Tana iya baro Legas ba kowa a kai, alhali a takarda an riga an kama tsakiyarta.

Bala: Kenan gaɓa ɗaya da ta cika ta isa ta hana sayar da doguwar tafiya gaba ɗaya.

Malam Habu: Ƙwarai. Shi ya sa ba a ƙidaya kawunan mutane, ana lissafin kilomitan da kowace kujera ta yi da mutum a kanta. A ce tarago mai kujera 80 ya cika maƙil daga Legas, kowa ya sauka a Ilorin, ba wanda ya hau. Ilorin kusan kashi ɗaya cikin uku ne na hanyar. Mai kallo a Legas zai rantse jirgi ya cika, mai riƙe da littafin kuɗi kuwa ya san kashi biyu cikin uku iska aka ɗauka.

Rabi: To me zai hana a ƙara taragu? Sai kowa ya samu.

Bala: Abu uku ne ke riƙe su. Na farko ƙarfin kan jirgi, akwai nauyin da ba zai ja ba a hawa. Na biyu tsawon dandamalin tasha. Na uku, layi guda ne, dole jirgi ɗaya ya raɓe a layin kaucewa ɗan'uwansa ya wuce, idan ya fi wurin tsawo shi ke nan an toshe hanya. Sannan taragon da kika ƙara saboda cunkoson jajibirin Sallah, haka za ki jawo shi ya dawo ba kowa, kin ƙona mai a banza.

Malam Habu: Ni a ganina babban abin da ke cinye ribar ma lokaci ne. Jirgin Legas zuwa Kano, da aka dawo da shi a Disambar 2012, a lokacin yakan haura awa 30 a hanya. Tarago ɗaya bai fi ya je ya dawo sau ɗaya ko biyu a mako ba. Kwatanta da Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, tafiyar awa biyu da 'yan kai. Kujera ɗaya za a iya sayar da ita sau da dama a yini. Ga ma'aikata da ake sauyawa a doguwar hanya, ga taragon abinci da ba kujerar sayarwa a ciki, ga taragon kwana da ke ɗaukar mutane kaɗan. Har a Amurka, dogayen layukan Amtrak, kamfanin jirgin ƙasa na fasinja, asara suke yi, layin Boston zuwa Washington ne mai kawo kuɗi.

Rabi: Wa ya iya magance kujerar banza, in akwai?

Bala: Indiya ta yi nisa. Suna ware wa manyan tashoshin kan hanya kasonsu na kujeru, kada 'yan gajeriyar tafiya su yanyanka na masu nisa. Suna da jerin masu jiran gurbi, wani ya fasa, na gaba ya samu. Akwai RAC, mutum biyu su raba gado ɗaya a zaune har wani gadon ya fito. Akwai Tatkal, kason da ake buɗewa ana gobe tafiya da ƙarin kuɗi.

Malam Habu: Amma sun ɗan ƙone hannu. A 2016 suka kawo farashi mai hawa a jiragen Rajdhani, Shatabdi da Duronto: duk kashi 10 na kujeru da aka sayar, kuɗi ya ƙaru da kashi 10, har ya kai ƙarin rabin farashi. A wasu layukan mutane suka koma jirgin sama da bas, a 2018 aka janye tsarin daga wasu jiragen. Kuma duk da wannan dabara, kuɗin dakon kaya ne ke tallafe da fasinja a can.

Rabi: Mu dawo kan cuwa-cuwar da kuka tsallake.

Bala: 'Yan bumburutu sukan kwashe tikiti, wanda bai sayu ba ya mutu a aljihunsu, kujera ta tafi ba kowa. Shi ya sa a Janairun 2021 aka fara sayar da na Abuja zuwa Kaduna ta intanet, da suna da katin shaida. Sai dai tsarin yana aiki ne kawai idan mai duba tikiti a ƙofa ya haɗa sunan da fuskar mai shiga.

Rabi: Nan za mu dasa aya. Malam Habu, Malam Bala, mun gode.