Una Marson, 'Yar Jamaika da Ta Buɗe wa Marubutan Karibiyan Ƙofar Rediyo

A shekarar 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gidan rediyon BBC da ke Landan ya ɗauki wata 'yar jarida daga tsibirin Jamaika, ɗaya daga cikin tsibiran yankin Karibiyan, aiki na dindindin. Sunanta Una Marson, kuma ita ce baƙar mace ta farko da ta zama mai shirya shirye-shirye a wannan gida. Kafin ta kai ga wannan matsayi, ta riga ta goge a aikin jarida, domin tun tana da shekara 23 ta kafa mujallarta a birnin Kingston.

An haife ta ranar 6 ga Fabrairu, 1905, kusa da garin Santa Cruz a yankin St Elizabeth, lokacin da Jamaika take ƙarƙashin mulkin Ingila. Mahaifinta limamin cocin Baptist ne, kuma ita ce autar gidan. Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta Hampton, inda akasarin ɗalibai 'ya'yan masu hannu da shuni ne, farare da masu hasken fata. Rasuwar mahaifinta ta sa iyalin suka koma Kingston cikin ƙunci, ita kuwa ta shiga aikin sakatariya, tana buga keken rubutu. A 1926 ta zama mataimakiyar edita a mujallar siyasa ta Jamaica Critic, a nan ta koyi yadda ake tace labari da tsara shafi da kai aiki maɗaba'a.

Bayan shekara biyu ta fito da mujallar wata-wata mai suna The Cosmopolitan, abin da ya sa ta zama mace ta farko a Jamaika da ta haɗa aikin edita da na mawallafi. Ya kamata a dakata a kan wannan mujalla, saboda sau da yawa ana tsallake ta a garzaya zuwa labarin BBC. Mujallar ita ce bakin ƙungiyar masu buga keken rubutu ta Jamaika, wato 'yan matan da suka fara cika ofisoshin kamfanoni da kantunan Kingston, suna aiki mai yawa a kan albashi kaɗan. Marson ta riƙa rubutu a kan rashin aikin yi, da haƙƙin ma'aikata, da buƙatar mace ta tsaya da ƙafarta wajen neman abin kanta, tana kuma ba matasan marubutan tsibirin fili su buga waƙoƙinsu. Duk wanda ya taɓa fitar da mujalla ya san cewa rubutu shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wajen farautar masu talla da biyan maɗaba'a kowane ƙarshen wata. Mujallar ta tsaya a 1931, lokacin da karayar tattalin arzikin duniya ta durƙusar da kasuwanni, amma ta bar wa mai ita wani sani da ya yi mata amfani daga baya: marubucin da ba shi da wurin da zai kai aikinsa a biya shi, ba ya daɗewa yana rubutu.

A 1932 ta tafi Landan, ta sauka a gidan Dakta Harold Moody, likita ɗan Jamaika da ya kafa ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata, ta kuma riƙa shirya mujallar ƙungiyar. Ta halarci babban taron mata na duniya a Istanbul a 1935, sannan a 1936, bayan Italiya ta mamaye Habasha, ta yi wa Sarki Haile Selassie aikin sakatariya, har ta raka tawagarsa zuwa Geneva inda ya kai ƙara gaban Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani.

Aikin da BBC ta ba ta shi ne shirin Calling the West Indies, wanda a cikinsa sojoji da ma'aikata 'yan Karibiyan da ke Ingila suke zuwa gaban makirufo su gai da iyaye da 'yan uwa a gida, kamar dai shirin gaishe-gaishen da mai sauraron rediyon Hausa ya saba da shi. Ga gwamnatin Ingila, manufar shirin ita ce ƙarfafa gwiwar talakawan ƙasashen da take mulka su ci gaba da mara mata baya a yaƙi. Marson ta yi aikin da aka sa ta, amma ta hango abin da ya fi haka. A lokacin, gidan rediyon Jamaika na farko bai daɗe da buɗewa ba, kuma 'yan sa'o'i kaɗan yake watsa shiri. Masu buga littattafai kuwa kusan babu su a tsibiran. Bayan ta shiga wani shirin adabi da marubucin Ingila George Orwell ya shirya domin masu sauraro a Indiya a 1942, sai ta fara saka waƙoƙi da gajerun labarai na marubutan Karibiyan a cikin nata shirin. Daga nan ne aka samu Caribbean Voices a 1943.

Muhimmancin wannan shiri yana cikin yadda yake aiki. Malamin makaranta a Trinidad ko akawu a Barbados zai aika rubutunsa, a karanta shi daga Landan, mutanen Jamaika da Guyana da St Lucia su ji shi a lokaci guda, sannan a aiko masa da ladan aikinsa. Tsibiran da teku ya raba, waɗanda kowannensu ya fi sanin labarin Ingila a kan na maƙwabcinsa, sai ga su suna jin muryar juna. Shirin ya ci gaba har 1958, kuma cikin waɗanda suka bi ta cikinsa akwai George Lamming da Sam Selvon da Kamau Brathwaite, da Derek Walcott da V. S. Naipaul, waɗanda dukkansu biyu suka ci kyautar Nobel ta adabi, Walcott a 1992, Naipaul a 2001.

Marson kanta ba ta ci moriyar wannan bunƙasa ba. Yawan aiki da tsangwamar da ta sha saboda launin fatarta sun taɓa lafiyarta, har ta kamu da ciwon damuwa mai tsanani, ta koma Jamaika bayan ƙarshen yaƙi. Henry Swanzy, ɗan ƙasar Ireland, shi ya riƙe shirin daga 1946 zuwa 1954, kafin ya tafi aikin rediyo a ƙasar da ta zama Ghana. Swanzy ya yi aiki na ƙwarai, babu mai musun haka, sai dai shekaru da yawa sunansa kawai ake ambata in an zo tarihin shirin, alhali harsashin na Marson ne.

Da ta samu sauƙi, ta koma sana'arta ta farko, ta yi aiki da kamfanin ɗab'i na Pioneer Press, reshen jaridar Gleaner, wanda yake buga littattafan marubutan Jamaika a kan farashi mai rahusa. Ta rasu a Kingston ranar 6 ga Mayu, 1965, shekara uku bayan Jamaika ta samu 'yancin kai. A 2009 aka kafa allon tunawa da ita a gidan da ta taɓa zama a kudancin Landan, kuma ƙaramar hukumar Southwark ta sanya sunanta a wani sabon ɗakin karatu na jama'a.