Ruwan Kamaru: Daga Debunsha Zuwa Lagdo

Hajiya: Assalamu alaikum, masu sauraro. Tun da damina ta yi nisa saƙonninku suke shigowa a kan madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai a arewacin Kamaru, saboda haka yau muka zauna da Malam da Auta domin mu duba inda ruwan Kamaru yake fitowa.

Malam: Hajiya, kafin mu isa Lagdo sai mun fara gangarawa bakin teku, domin can ne tushen maganar. Akwai wani ƙauye da ake kira Debunsha a gindin Dutsen Kamaru, wanda yake samun ruwan sama kimanin milimita 10,000 a shekara, alhali kuwa Kano ko a shekarar da aka yi damina mai albarka da wuya ta haura 1,000. Dalili shi ne iskar da take tasowa daga Tekun Atlantika ɗauke da laima tana cin karo da dutsen, wanda tsayinsa ya zarce mita 4,000, sai ta hau sama ta yi sanyi ta zubar da abin da ta ɗauko. Dutsen kansa mai aman wuta ne, ya yi amai a 1999 da kuma 2000.

Auta: To Malam, a irin wannan gari yaushe ake shanya?

Malam: Ai wanda ya jira rana a can kafin ya wanke rigarsa, zai daɗe bai je ɗaurin aure ba. Amma a cikin ƙasar ta Kamaru dai, idan ka nausa arewa ka isa Marwa, za ka tarar da rani na wata bakwai ko fiye da haka, da hunturu irin namu, ga raƙuman dawa a gandun dajin Waza.

Auta: Ni dai abin da ya kawo ni yau shi ne kwaɗon nan da aka ce ya kai nauyin jariri.

Hajiya: Na san ba za mu tsira daga kwaɗon nan ba.

Malam: Gaskiya ne kuwa, akwai shi. A kogunan kudancin Kamaru masu gudu da ƙarfi da kuma Ikwatoriyal Gini kaɗai ake samunsa, nauyinsa yakan wuce kilo 3, kuma shi ne mafi girma a cikin kwaɗin duniya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yakan ture duwatsu ya gyara ɗan kududdufi a gefen kogi domin ƙwayayensa, sannan duk girman nan ba shi da jakar maƙogwaron da sauran kwaɗi suke cika mana kunne da ita.

Auta: Ashe burduddugin da muke kamawa a kududdufin bayan gari muna yara, wanda muke ganin kamar mun yi farautar ɓauna, ɗan aikensa ne kawai.

Hajiya: Kai da ka taɓa gaya mana cewa tsoron kwaɗo ya hana ka fita alwala da asuba?

Auta: Yaya, wancan na cikin buta ne, kuma bai yi sallama ba.

Malam: To shi wannan ko a bokiti sai an danna shi. Sai dai farautarsa da ake yi domin nama da sare dazuzzuka sun rage yawansa ƙwarai, har an sanya shi cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu.

Hajiya: Malam, lokaci ya ci mu, ga shi ba mu taɓa Lagdo ba.

Malam: Bari in gaggauta. Ruwan Debunsha ba shi ne yake zuwa mana ba, teku yake komawa. Namu daga tsaunukan Adamawa yake, wajen Ngaundare, inda kogin Sanaga yake samun ruwansa ya yi kudu, Binuwai kuma ya yi arewa ya bi ta Garwa da Yola da Makurɗi har ya haɗu da Neja a Lokoja. An kammala Lagdo a 1982, kuma idan ta cika dole a buɗe ta, kamar yadda aka yi a 2012 da 2022, shekarun da aka yi mummunar ambaliya a Najeriya.

Hajiya: Sauran bayanin sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Auta, kashe na'urar.